Bindigar aljihu: mafi ƙanƙanta ita ce mafi wuyar harbawa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a wannan jarida tamu domin 'yan uwanmu Hausawa mazauna Amurka, musamman direbobin manyan motoci da masu tsaron kanti ko gidan mai da daddare a Texas, Jojiya, Ohio da Karolina ta Arewa. Zancen sayen ƙaramar bindiga ta sakawa a aljihu ya yawaita a tsakaninsu, kuma shawarar da suke ba juna kusan ɗaya ce: tunda kai sabon shiga ne, nemi wadda ta fi kowace ƙanƙanta da rashin nauyi. Wannan shawara a baibai take, kuma tana iya jawo asarar rai. Duk cikin bindigogin hannu babu mai wuyar sarrafawa kamar 'yar mitsitsiyar nan. Ita ta fi shuri, ita ta fi saurin cijewa, ita ce kuma ta fi saurin kauce wa saiti. Abin da ya kamata mutum ya nema shi ne mafi girman bindigar da aljihunsa zai iya ɓoyewa, wadda kuma hannunsa zai iya juyawa.

Kafin in yi nisa, mai karatu a Kano ko Sakkwato ya sani cewa wannan magana ba ta gida ba ce. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta jera fistol da libarba cikin haramtattun makamai, sahu ɗaya da mashinga da gurneti, kuma babu mai ba da lasisinsu sai Shugaban Ƙasa. Lasisin da ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda na irin bindigogin farauta ne. Wanda aka kama da fistol ba izini yana fuskantar ɗaurin shekara goma. Ko kiran da gwamnatin Zamfara ta yi a 2022, cewa jama'a su nemi bindiga su kare kansu, bai goge harafi ɗaya daga wannan doka ba. Wanda kuma ya saya da guminsa a Houston, ya cusa ta cikin kwantena ko cikin motar da zai aika Legas ko Kwatano, ya taka dokar ƙasa biyu a tafiya ɗaya.

A Amurkar ma, tambayar farko ba ta bindiga ba ce, ta takardunka ce. Ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna da ikon mallaka. Wanda ba shi da takardun zama an haramta masa gaba ɗaya, har taɓa harsashi. Mai bizar karatu ko ta ziyara ko ta aiki na wucin gadi shi ma haramcin ya hau kansa, sai 'yan ƙofofi ƙalilan da doka ta bari, kamar ga mai lasisin farauta, kuma kada kowa ya bi ta wannan ƙofa ba da lauya ba. Wanda ke jiran hukuncin neman mafaka shi ma lauyan shige da fice ya kamata ya fara gani kafin ya leƙa shagon bindiga. A wurin dillali mai lasisi sai ka cika shekara 21, ka cike takarda mai lamba 4473, a kuma bincika sunanka a rumbun bayanan FBI. Takardar tana tambaya ko kana shan wiwi (ko da jiharka ta halatta, dokar tarayya ba ta halatta ba), ko an taɓa yanke maka hukuncin dukan iyali, da kuma matsayinka na zama. Ƙarya a kanta babban laifi ne. Akwai kuma abin da ya fi kama mutanenmu saboda kunya da zumunci: ɗan uwa ya ce takardunsa ba su daidaita ba, ka saya masa da sunanka. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta sa hukuncin wannan ya kai shekara 15. Mai katin zama ya ƙara sani cewa hukunci ɗaya a kan laifin bindiga ya isa a kore shi daga ƙasar, ko da shekararsa ashirin a ciki, ko da 'ya'yansa duk a nan aka haife su.

Mallaka daban, yawo da ita a ɓoye daban. Fiye da rabin jihohin ƙasar yanzu ba sa neman lasisin ɗauka, ciki har da Texas tun 2021 da Jojiya da Ohio tun 2022. New York kuwa, ko bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 da ya soke sharaɗin sai ka nuna dalili na musamman, tana neman horon awa 16 a aji da awa 2 a filin harbi, kuma ba ta san lasisin wata jiha ba. New Jersey ma ba ta san lasisin wata jiha ba. Direban tirela da ya taso daga Atlanta da bindigarsa bisa ƙa'ida zai iya wayar gari a kurkuku a Newark ba tare da ya yi wa kowa komai ba. Masu jan Uber su karanta yarjejeniyar da suka sa wa hannu, kamfanin ya hana direba da fasinja ɗaukar bindiga. Ko a jihar da ba ta neman lasisi, shawarata a yi kwas ɗin a karɓi katin, don a ajin ne ake koyon inda doka ta ja layi.

To, mu koma ga ita bindigar. Me ya sa ƙarama ta fi wuya?

Dalilin farko nauyi ne. Harsashi ɗaya, turin da yake yi baya ɗaya ne ko a wace bindiga aka harba shi. Mai nauyi tana shanye turin, marar nauyi kuwa tana miƙa shi ga tafin hannunka, kamar yadda keke napep ba fasinja ke tsalle a kan gargadar da mota mai lodi za ta wuce salin alin. Ruger LCP, wadda ta fito a 2008 ta cika kasuwa, nauyinta kusan giram 270 ne ba harsashi. Kunamarta kuma tana buƙatar jan da ya kai kilo biyu da rabi zuwa uku kafin ta tashi. Wato ƙarfin da yatsanka ke sawa ya ninka nauyin bindigar kusan sau goma, duk kuwa wani ɗan karkacewar yatsa sai ya ja bakinta gefe. Mai harbi da hannun dama yakan ga harbinsa yana sauka ƙasa ta hagu, ya ɗauka saitin ne ya lalace, alhali yatsa ne ke fizga.

Na biyu mariƙi. A bindiga mai tsayin santimita 9 daga gindi zuwa sama, yatsu biyu kawai ke samun wuri, ƙaramin yatsa yana reto a iska. Na uku tazarar da ke tsakanin alamar saiti ta gaba da ta baya. A ƙaramar bindiga ba ta wuce santimita 10 ba, saboda haka kuskuren milimita ɗaya a wurin ido yana zama santimita 7 a nisan mita 7. A babbar bindiga mai tazarar santimita 16, wannan kuskuren bai kai santimita huɗu da rabi ba. Ga shi kuma alamomin saitin yawancin ƙananan 'yan ƙwayoyi ne baƙaƙe da ba a gani in rana ta faɗi. Duk wannan yana haifar da abu mafi muni: bindigar da ke cizon hannu ba a son zuwa filin harbi da ita, sai ta shekara a aljihun mutumin da bai harba kwali biyu na harsashi da ita ba.

Bindigogin da suka cancanci sunan na aljihu kashi uku ne, kuma ba su yi daidai da juna a wurina ba.

Kashi na farko masu cin harsashin .380 ACP, wanda John Browning ya tsara a 1908. Faɗinsa milimita 9 ne amma kwansonsa gajere, milimita 17, ƙwayarsa kusan giram 6. Nan ne ainihin gidan bindigar aljihu. LCP ta asali tana ɗaukar shida a gidan harsashi da ɗaya a ɗaki, wato mazaunin harsashi a gindin bututu, kaurinta kusan santimita 2. LCP Max ta 2021 ta kai goma da ɗaya a nauyin kusan giram 300, da saiti mai ganuwa. Smith & Wesson sun fitar da Bodyguard 2.0 a 2024, ita ma mai goma. Glock 42 ta 2014 shida kawai take ɗauka kuma ta fi su girma, giram 390 da tsawon santimita 15, amma wannan ƙarin girman ne ya sa ta fi su daɗin harbi nesa ba kusa ba. Mai babban aljihu da sabon hannu, ita zan ce ya fara gwadawa. A lura da yadda bindigar ke aiki a ciki: waɗannan duka bututunsu yana kullewa da silaid, wato murfin sama mai zamewa baya, na ɗan lokaci bayan tashin harsashi, wanda ke rage kaifin shurin. Tsofaffin samfura irin Walther PPK ba su da wannan kullin, ƙarfin sifirin da nauyin ƙarfe kawai ke riƙe su. Shi ya sa suka fi nauyi, jan silaid ɗinsu ya fi tauri, kuma suna marin hannu fiye da yadda girmansu ya nuna.

Kashi na biyu ƙananan masu cin milimita 9 cikakke, mai kwanso milimita 19. SIG P365 ta 2018 ita ta buɗe wannan kasuwa da harsashi goma a jiki mai kaurin kusan santimita biyu da rabi, Springfield Hellcat ta biyo baya a 2019 da goma sha ɗaya. Harsashinsu ya fi ƙarfi, ya fi araha, ya fi samuwa. Sai dai P365 giram 500 ce fanko, in an cika ta ta doshi 650, tsayinta santimita 11. Wannan nauyin ƙugu ne, ba na aljihu ba. A aljihun wando tana lilo tana bugun cinya, tana ja wandon gefe guda, kuma kusurwar bayanta takan maƙale a bakin aljihu lokacin fitarwa. Wanda zai iya ɗaura bel mai ƙarfi da kube na ƙugu, to ita ta fi masa duk abin da na lissafa a sama. Amma kada ya saye ta da niyyar aljihu. Mazauna New York da Kalifoniya da New Jersey su tuna cewa gidan harsashi da ya wuce goma haramun ne a wurinsu.

Kashi na uku libarba mai gajeren hanci, mai ganga mai juyawa da ke ɗaukar harsashi biyar, mai cin .38 Special, kamar Smith & Wesson 642 da Ruger LCR, dukansu wajen giram 400. Mutane suna raina ta saboda harsashi biyar, ni kuwa ina ganin girmanta. Gudumarta, wato ƙarfen da ke bugu ya tayar da harsashi, a rufe take cikin jiki, babu abin da zai kama zare. Bayanta a zagaye yake, tana sulɓowa daga aljihu fiye da kowace fistol. Ba ruwanta da ko ka riƙe ta da ƙarfi ko da sanyi, kuma in harsashi ya ƙi tashi sake jan kunama kawai za ka yi, gangar ta kawo na gaba. Kuɗin da ake biya a kan wannan shi ne kunama mai nauyin wajen kilo biyar, ganga mai kaurin sama da santimita 3 da ke kumbura aljihu, da jinkirin sake ɗurawa. Abin da na ƙi jinin gani shi ne a miƙa ta ga mace ko dattijo da sunan ita ce mai sauƙi. Sauƙin fahimta gare ta, ba sauƙin harbi ba. Samfuran da aka yi da ƙarfe marar nauyi sosai don su ci .357 Magnum kuwa, a bar su a shago. Zafinsu a hannu ya wuce misali, kuma shurin yana iya zaro ƙwayar harsasan da ke jira a ganga har ta leƙo gaba ta hana gangar juyawa.

Ƙasa da waɗannan akwai .32 ACP, .25 ACP da .22. Mai ciwon gaɓoɓi ko raunin hannu zai iya amfana da .32, ko da samfurin Beretta mai bututu da ke ɗagowa sama a sa harsashi ba sai an ja silaid ba, ko libarba .22 mai ɗaukar harsashi takwas. Harsashin .22 a gefen gindinsa wutarsa take, kuma ya fi sauran yawan ƙin tashi, don haka a libarba ya fi dacewa. 'Yan bindigogin nan masu bututu biyu da harsashi biyu, da masu arha da ake zubawa da tutiya, ba su cancanci a jingina rai a kansu ba.

Yanzu aljihun kansa, wanda shi ne mutane suka fi mantawa. Je shago da wandon da kake sawa kullum, ka nemi izinin mai shago, a tabbatar bindigar fanko ce, ka sa ta cikin kube ka saka. Hannu buɗe yake shiga aljihu, a dunƙule yake fitowa, da ƙarfe a cikinsa. Idan bakin aljihun bai wuce dunƙulen ba, ba ka da bindiga, kana da kaya ne kawai. Wandon jins matsattse mai aljihu a kwance kusan kullum yana faɗuwa wannan gwaji. Wandon yadi mai aljihu a karkace ya fi. A ma'aunina, duk abin da ya wuce giram 450 zuwa 500 da harsashinsa ya fi ƙarfin aljihun wando na yau da kullum. Sannan ka zauna a kujera ka gwada kai hannu. Za ka ga ba ya shiga. Wannan babban aibi ne ga direba, domin a zaune da bel ɗin mota a ɗaure, aljihun gaba a kulle yake, kuma bakin bindigar yana kallon duk wanda ke zaune a gabanka.

Kayanmu na gida suna da nasu matsala. Wando mai zariya ba ya ɗaukar nauyin ƙarfe, zai yi ta zamewa. Aljihun gefe na kaftani mai zurfi ne amma ba shi da madogara, bindigar tana reto, tana juyawa, shadda ko yadi mai laushi kuma suna zana siffarta ƙarara. Aljihun ƙirji na babbar riga ya fi kowanne haɗari: ka sunkuya alwala ko ka yi sujada, ta zube a gaban jama'a. Wanda ya dage sai ya ɗauka da kayan Juma'a, gara ya sa wando mai bel a ciki, ya sa tela ya buɗe masa tsaga a gefen rigar ta kai hannu. Kafin nan ma ya san dokar wurin ibada a jiharsa. A Jojiya da Ohio ba a shiga masallaci ko coci da bindiga sai shugabannin wurin sun yarda. Gidan waya, kotu da gine-ginen gwamnatin tarayya kuwa haramun ne ko'ina, filin jirgi ma daga shingen bincike zuwa ciki.

Kube ba ƙari ba ne, rabin kayan aikin ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka harbi cinyarsu rashinsa ne ya jawo. Aiki uku yake yi. Ya rufe kunama ruf ta ɓangare biyu, da abu mai taurin da ba za a iya danna ta ta cikinsa ba. Ya tsayar da bindigar mariƙi sama, kada ta kife. Ya kuma zauna a aljihu lokacin da aka zaro ta, ko ta hanyar fata mai kama yadi ko ɗan ƙugiya da ke tokare bakin aljihu. A sayi wanda aka yi wa wannan samfurin takamaimai, ba mai cin kowa ba. Fatar da ta tsufa ta yi laushi tana iya naɗewa ta shiga gidan kunama, a jefar da ita. Wannan aljihu na bindiga ne ita kaɗai: ba makulli, ba kwabo, ba carbi, ba goro. Wurin mayarwa kuma a fito da kuben waje, a sa bindigar a ciki ana kallo, sannan a mayar da su tare. Tura bindiga mai harsashi cikin kuben da ke aljihu shi ne lokacin da zare ko gefen riga ke shiga ya ja kunama. 'Yan uwa mata masu sawa a jakar hannu, sharuɗɗan nan duka sun hau kansu, da ƙarin cewa jaka ana ajiye ta, ana fizge ta, yara kuma suna buɗe ta neman alewa.

Samfura irin SIG P238, da ake ɗauka gudumarsu a ɗane da ɗan makulli a gefe, suna da kunama mai daɗi amma ban so su a aljihu. Makullin ƙarami ne, gogayya da yadi tana iya sauke shi ba ka sani ba, ko kuma babban yatsa ya kasa samunsa a lokacin firgita. Kunama mai doguwar tafiya da ɗan nauyi ita ta fi dacewa da wurin da ido ba ya gani.

Batun harsashi yana da tarihi. A 1986 a Miami an kashe jami'an FBI biyu a musayar wuta, bayan harsashin da ya sami ɗaya daga cikin maharan tun farko ya tsaya daf da zuciyarsa. Daga nan hukumar ta kafa ma'aunin da kamfanoni ke bi har yau: harsashi ya ratsa santimita 30 zuwa 46 a cikin wani daskararren abin gwaji mai kama da tsoka. Milimita 9 mai ramin baki yana buɗewa ya kuma cika wannan ma'auni ba wahala. .380 daga bututu mai santimita 7 kuwa a bakin iyaka yake. In ya buɗe sosai ba ya nisa, in ya yi nisa bai buɗe ba. Saboda haka a zaɓi wanda ke buɗewa kaɗan ya yi zurfi, irin masu ƙwayar XTP ta Hornady ko Hydra-Shok Deep na Federal, a guji masu sauƙin nauyi da ake tallata su da cewa suna tarwatsewa. A libarba, Gold Dot na Speer da aka yi don gajeren bututu ya daɗe a hannun 'yan sanda. Harsashi mai alamar +P matsinsa ya fi na kullum, a duba littafin bindigar kafin a sa. Ruger sun hana shi a LCP.

Kada a amince da bindigar da ba a gwada ba. Filayen harbi da yawa suna ba da haya, a gwada uku ko huɗu kafin a fitar da kuɗi. Bayan saye, a harba aƙalla 200 na atisaye da 50 na ainihin wanda za a riƙa ɗauka, da kowane gidan harsashi da aka mallaka, wasu da hannu ɗaya, wasu da hannun da ba a saba ba. Kamfanin Kahr ma ya rubuta a littafinsa cewa sai bayan 200 bindigarsu ke daidaita. Ma'aunin kai kuma mai sauƙi ne: harbi biyar, daga mita huɗu da rabi, cikin da'ira mai faɗin santimita 13, a daƙiƙa biyar. Wanda ya kasa yin wannan sau da yawa a jere, ko dai bindigar ta yi masa ƙanƙanta ko horo bai isa ba.

In ta cije a lokacin gwaji, a nemi dalili kafin a zargi ƙarfe. Kwanso ya maƙale a tsaye a bakin tagar da yake fita: yawanci sanyin wuyan hannu ne, domin silaid marar nauyi yana buƙatar madogara mai ƙarfi kafin ya kai ƙarshen tafiyarsa. Silaid ya tsaya a baya alhali da sauran harsashi: babban yatsa ne ke tura maɓallin tsayarwa sama. Gidan harsashi ya zame ƙasa: yatsa ko matsin aljihu ya danna maɓallin sakinsa, shi ya sa kowace safiya ake tura gindinsa a ji ya kama. Harsashi ya tokare a mashiga: ko leɓen gidan harsashin ya buɗe, ko bindigar ba ta son siffar wannan baki, a canza iri. Mai kaurin hannu ya lura da fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, silaid yana yanka ta, kuma wannan alama ce cewa samfurin ba nasa ba ne.

Aljihu wuri ne mai ƙura da zufa. Kowane mako a cire harsashi, a duba ɗaki da ido da yatsa, a kwance ta, a goge burbushin zare daga bututu da bayan kunama da cikin gidan harsashi. Mai kaɗan ne, ɗigo a kan hanyoyin silaid da wajen bututu. Ramin allura, wato tsinken da ke bugun gindin harsashi, a bar shi a bushe, domin mai yana haɗuwa da ƙura ya zama danƙo, allurar ta yi bugun da bai isa ya tayar da harsashi ba. Sifirin ƙaramar bindiga gajere ne kuma yana aiki fiye da na babba, a canza shi a adadin da kamfani ya faɗa. Harsashin da ake yawan cirewa ana mayarwa ɗaki, ƙwayarsa tana nutsewa cikin kwanso kaɗan kaɗan, matsin da zai tashi da shi ya ƙaru. A jera shi da sabo a kan tebur, in ya gajarta a ware shi. Koyon zarowa daga aljihu kuma da bindiga fanko ake yi, harsasai a wani ɗakin daban, manuni a miƙe a gefen jiki har sai baki ya kalli inda ake nufi.

Akwai abin da ya fi duk wannan nauyi a zuciyata. Fiye da rabin waɗanda bindiga ke kashewa a Amurka kowace shekara su ne suka kashe kansu, kuma tun 2020 alƙaluman hukumar lafiya ta CDC suka nuna bindiga ta zarce haɗarin mota wajen kashe yara da matasa. Gidajenmu gidajen yara ne da baƙi. 'Yar bindiga mai girman tafin hannu abin wasa take kama a idon ɗan shekara uku, kuma yana iya danna kunamarta da manyan yatsunsa biyu, baki yana kallon fuskarsa. Wando da aka rataye a bayan ƙofa da bindiga a aljihu tarko ne. Ko dai tana jikinka, ko tana cikin akwatin ƙarfe mai kulle da aka ɗaure da waya ko ƙusa, babu wuri na uku. Gidan da ke da mai fama da baƙin ciki mai tsanani, ko rikicin aure da ya yi zafi, ko matashi da ya shiga wani hali, gara a fitar da ita daga gidan gaba ɗaya har ƙura ta lafa. Mai saurin fushi a hanya kuma ya yi wa kansa adalci, ya haƙura da ita.

Doka ba ta ba ka ikon fito da ita ba sai kana fuskantar kisa ko mummunan rauni a wannan lokacin. A yawancin jihohi ba a harbi don kare dukiya, kuma nuna ta don tsoratarwa a cikin cacar baki laifi ne mai zaman kansa. New York tana wajabta maka ja da baya in da hali a wajen gidanka, Texas da Jojiya ba su wajabta ba, amma ko'ina sai ka yi bayani a gaban mai gabatar da ƙara, kuma kuɗin lauya kaɗai yana iya cinye abin da ka tara.

Sai tsayawar 'yan sanda a hanya, wadda mu baƙaƙen fata ba za mu ɗauke ta da wasa ba. A Yulin 2016 a Minnesota ɗan sanda ya harbe Philando Castile a cikin motarsa, yana da lasisin ɗauka, daƙiƙu kaɗan bayan ya faɗa da bakinsa cewa yana da bindiga. Mai ɗauka a aljihun wando ya fi kowa shiga wannan haɗari, domin walat da bindiga maƙwabta ne. Lasisin tuƙi da takardun mota su zauna a sama, a jikin marufin rana ko kan dashbod, inda za a ɗauko ba tare da hannu ya gangara ƙugu ba. In an tsayar da kai, kashe mota, sauke gilashi, kunna fitilar ciki in dare ne, hannu biyu a kan sitiyari. A Mishigan da Karolina ta Arewa wajibi ne ka sanar da jami'in nan take, a Ohio sai in ya tambaya. Ka fara da cewa kana da lasisi, sannan ka faɗi inda take, ka tambaye shi abin da yake so ka yi, kuma kada hannunka ya motsa sai ya ba da umarni.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Houston, jihar Texas, Amurka